Sayen adireshin intanet bai kamata ya zama tallar lambar wayarka ba

Wani abokina ɗan Maraɗi da ke zaune a Greensboro ta ƙasar Amurka ya buɗe wa ƙungiyar ƴan garinsu shafin intanet, domin sanar da taruka da tara gudummawar da ake aikawa gida. Ya zaɓi suna mai ƙarewa da .us, ya biya kuɗin shekara guda, ya cika takardar rajista bil haƙƙi da gaskiya: cikakken suna, adireshin gida, lambar waya da imel ɗin da yake amfani da shi kullum. Kafin mako ya zagayo akwatinsa ya cika. Wannan ya ce zai gina masa shafi, wancan ya ce zai kai shi sahun farko a Google, wani kuma ya aiko da takardar neman kuɗi wai rajistarsa ta kusa ƙarewa. Har saƙon wurin aikinsa ya nutse cikin tarkacen, bai gan shi ba sai bayan kwana uku.

Ba wanda ya yi masa kutse. Shi da kansa ya ba da bayanan, tsarin rajistar kuma ya baje su a faifai.

Duk wanda ya sayi sunan shafi, ana shigar da bayanansa a wani kundi da aka daɗe ana kira WHOIS, wato “wane ne”. Kundin ya samo asali tun 1982, lokacin da masu amfani da hanyar sadarwar kwamfuta ƴan tsiraru ne, galibi masu bincike da ke buƙatar sanin wanda za su kira idan na'ura ta samu matsala. Da aka kafa hukumar ICANN a 1998 domin kula da sunayen intanet, sai ta ci gaba da wajabta wa kamfanonin rajista su bayyana bayanan masu .com da .net da .org ga duk mai so. Intanet ya girma, ƙa'idar ba ta sauya ba. Masu aika saƙonnin banza suka ƙera manhajoji da ke kwashe adireshin kowane sabon mai rajista, su tara, su sayar. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Sauyi ya zo daga Turai. A ranar 25 ga Mayun 2018 dokar kare bayanan jama'a ta Tarayyar Turai, GDPR, ta fara aiki, abin da ya tilasta wa ICANN fitar da ƙa'idar gaggawa ta ɓoye suna da waya da imel ɗin mutane. Kamfanoni da yawa suka ga ya fi musu sauƙi su rufe bayanan kowa da kowa, ko ɗan ina ne. Da haka ne matashin da ya sayi .com daga Damagaram ko Tawa ya samu sutura. Amma mu lura, inuwar aro ce. Ba dominmu aka yi dokar ba, kuma ba kowane rami ta toshe ba.

Da farko, sunayen ƙasashe ba sa ƙarƙashin wannan ƙa'ida ta ICANN, kowace ƙasa da tsarinta. Masu kula da .fr na Faransa suna ɓoye bayanan ɗaiɗaikun mutane kai tsaye, amma .us ya hana rajista ta ɓoye, abin da ya ci abokina ke nan. Na biyu, kariyar ta mutum ce, ba ta kamfani ba. Wanda ya cika gurbin sunan kamfani ko ƙungiya, ana iya ɗaukarsa a matsayin ma'aikata, a bayyana abin da ya rubuta. Na uku, abin da ya taɓa fita ya fita. Akwai kamfanonin da ke adana tsofaffin bayanan WHOIS suna sayarwa, don haka wanda ya yi rajista kafin 2018 imel ɗinsa yana nan yana yawo.

Ra'ayina shi ne, rufe bayanan mai rajista ya zama shi ne ƙa'ida, kuma kyauta. Wanda yake son a san shi sai ya buɗe da kansa. Kamfanoni irin su Namecheap da Cloudflare ba sa karɓar ko dala a kan wannan, wanda ke nuna cewa masu cajin ƙarin kuɗi duk shekara ba wata wahala suke sha ba. Matashiyar da ke sayar da turaren wuta daga ɗakin mahaifiyarta ba ta da ofis. Adireshin da za ta rubuta na gidansu ne, lambar kuma ta aljihunta ce. A nan maganar ta wuce damuwar share saƙonni, ta koma ta tsaron mutum.

Akwai masu cewa rufe kundin ya yi wa ƴan damfara daɗi, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Ƴan jarida da ƴan sanda da masu yaƙi da kutse sun daɗe suna amfani da WHOIS wajen gano mai shafin bogi. Sai dai ɗan damfara bai taɓa rubuta sunansa na gaskiya ba, mai gaskiya ne kullum ke tsirara a kasuwa. Abin da ya dace shi ne ƙofa mai maigadi: bayanan suna hannun kamfanin rajista, mai hujja ya nema, ya faɗi dalili, a duba. Irin wannan hanya ce ICANN ta fara gwadawa a watan Nuwamban 2023 da tsarin RDRS. Idan tana da jinkiri, a gyara ta, ba a ɓalle ƙofar gaba ɗaya ba.

Kafin masu tsara doka su gama nasu, kai ma da naka aikin. Kafin ka biya, ka tabbatar ƙarshen sunan da ka zaɓa yana yarda da ɓoye bayanai, kuma kamfanin yana bayar da shi kyauta. Ka buɗe imel na musamman domin rajista kaɗai, dabam da wanda kake hulɗa da banki ko wurin aiki. Idan ba kamfani gare ka mai takardu ba, ka bar gurbin sunan kamfani fayau. Bayan ka gama, ka shiga lookup.icann.org ka rubuta sunan shafinka, ka ga abin da duniya ke gani. A kan shafin kansa kuma, ka sa gurbin aiko da saƙo maimakon rubuta imel ɗinka a fili, domin manhajojin nan suna bin shafuka ma suna tsinta.

Abu ɗaya kada ka yi: kada ka cika bayanan ƙarya. Ƙa'idar ICANN ta 2013 ta wajabta wa kamfanin rajista ya tantance imel ko lambar wayar mai rajista, kuma idan kwana 15 suka wuce ba ka amsa ba, ana iya dakatar da shafinka. Garin neman gira kada a rasa ido. Saboda haka wancan imel na musamman ka riƙa leƙa shi. Duk saƙon da ya ce ka biya kuɗin sabuntawa, kada ka danna komai a cikinsa. Ka shiga asusunka a kamfanin da ka yi rajista da shi, ka duba ranar ƙarewa da idonka.

A nan gida muna da .ne, muna kuma da hukumar kare bayanan jama'a, HAPDP, wadda dokar 2017 ta samar. Ya kamata hukumar da masu kula da .ne su fayyace wa jama'a, da Faransanci da harsunan ƙasa, abin da ake bayyanawa na mai rajista da abin da ake rufewa, su kuma sa rufewar ta zama ita ce ƙa'ida ga ɗaiɗaikun mutane. Kullum ana kiran matasa da ƴan ƙasa mazauna waje su rungumi sunan ƙasarsu a intanet. Za su fi amsa kiran idan sun san lambar wayarsu ba za ta zama kayan gwanjo ba.

Abokin nawa dai ya ƙaura zuwa .org, ya buɗe sabon imel. Tsohon kuwa, har yau saƙonnin ba su daina zuwa ba.