Daga Farautar Ƙwari zuwa Pokémon: Darasi ga Matasan Daura

Ranar 27 ga Fabrairu, 1996, kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da wasan Pokémon a 'yar na'urarsa ta hannu mai suna Game Boy, wadda ko launi ba ta nunawa. Yawancin wasannin da suka yi tashe a wancan zamani an manta da su. Shi kuwa wannan, waɗanda suka buga shi suna yara sun girma sun haihu, 'ya'yansu kuma sun ɗora. Dodanninsa da suka fara da 151 yanzu sun haura 1,000.

Mai ƙirƙirarsa, Satoshi Tajiri, an haife shi a 1965, ya tashi a Machida, a bayan birnin Tokyo, lokacin da unguwar ke da gonakin shinkafa da kududdufai da kurmi. Ba shi da aiki sai farautar ƙwari, har abokansa suka laƙaba masa Likitan Ƙwari. Kafin ya mallaki hankalinsa birni ya cinye wurin, aka cike kududdufan, aka shimfiɗa kwalta. Da ya girma sai ya ƙudura ya maido wa yaran birni daɗin da ya sha a daji. Shi da abokan aikinsa na kamfanin Game Freak sun kwashe shekara 6 kafin wasan ya kammala.

Tsarinsa ba wuya. Ka ratsa ciyawa, dodo ya yi tsalle ya tare ka, ka sa naka ya gajiyar da shi, sannan ka jefa masa ƙwallo ka kama. Daga nan sai raino: yana faɗa yana ƙara ƙarfi, har wata rana ya rikiɗe ya koma wani babba. Na ruwa yana kayar da na wuta, na wuta yana cin na ciyawa, na ciyawa kuma ya fi ƙarfin na ruwa, don haka ba wanda ya gagari kowa. Duk wanda ka kama, sunansa da halinsa za su shiga wani kundi, gurbin da ya rage kuma shi ke hana yaro barci.

Babbar dabarar ita ce an fitar da wasan kashi biyu, Ja da Kore, kowanne da wasu dodanni da babu su a ɗayan. Ba mai cika kundinsa shi kaɗai. Dole ka nemi aboki, ku haɗa na'urorinku da waya, ku yi musaya. Mai kiwon tattabaru a Daura ba sai an yi masa dogon bayani ba: ya san launin da ya rasa, ya san gidan wanda yake da shi, ya kuma san yadda ciniki ke komawa zumunci. Haka ma a 2016 wani sabon salon wasan, Pokémon GO, ya fito a wayar hannu, ya fitar da mutane tituna suna neman dodanni a dandali da wuraren tarihi.

Wajen ƙirƙirar dodannin, Japanawa ba su je aro da nisa ba. Ninetales daga tatsuniyarsu ta dila mai wutsiya tara aka ɗauko shi, Lombre kuma daga dodon ruwansu da suke kira kappa. Daga baya jihohinsu suka shiga ciki. Tottori mai tuddan rairayi ta ɗauki Sandshrew ya zama jakadanta, aka riƙa zana dodanni a kan murafan magudanar ruwa, baƙi na bi gari gari suna ɗaukar hoto.

Darasin ke nan ga Daura. Garin da tarihinsa ya ginu a kan macijin da ya tsare rijiyar Kusugu, ya hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya zo ya sare kansa, bai kamata ya rasa labarin da zai sa a wasa ba. Ga tsohuwa Ayana da ta sauke baƙon, ga wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera, ga Daurama, ga Hausa Bakwai da kowace za ta iya zama zango. A tatsuniya akwai Gizo da Ƙoƙi da Dodo da Botorami da Kura, kowa da halinsa da lagonsa. A daji kuma akwai gyare da buzuzu da damo da bushiya da hawainiya, waɗanda yaran Sandamu da Zango da Baure da Mai'aduwa suka sani ido da ido.

Akwai abin kiyayewa. A 2001 malaman Saudiyya sun haramta Pokémon, cikin dalilansu har da kama da caca a musayar katunan dodanninsa. Duk wanda zai yi irin wannan wasa a nan sai ya nisanci sayar da sa'a, ya girmama fada da malamai a yadda zai kawo tarihi, ya kuma tuna cewa data tana da tsada, wayoyin yara ƙanana ne.

Aikin farko ma ba na kwamfuta ba ne. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura za su iya zama da tsofaffi su naɗi tatsuniyoyi, su bi mafarauta da manoma su rubuta sunan kowane ƙwaro da tsuntsu da lokacin fitowarsa, masu zane su ba kowanne siffa. Ana iya farawa da kati na takarda, a gwada shi a makarantun firamare da lokacin Sallar Gani, a ga wanda yara suka fi rububi. Idan katin ya karɓu a hannun yaran Daura, sai a nemi masu rubuta manhaja su mayar da shi waya.