Filin Tamaula: Tsadar ɗan wasa ba ta jefa ƙwallo a raga

Kowa ya san yadda garuruwanmu kan kasance idan lokacin rajistar 'yan wasa ya zo, wato abin da 'yan jaridar ƙasar nan suke kira tasjilat. Tun daga Hasahisa da Managil, a bi ta Wad Madani da Sinnar da Mai Wurno, har a dangana da Damazin, majalisa kan rabu gida biyu: masu ja na Merrikh da masu shuɗi na Hilal. Kowane ɓangare yana rantsuwa cewa sayen da kulob ɗinsa ya yi bana shi ne zai kawo kofin Afirka, alhali sabon ɗan wasan ko takalmi bai ɗaura ba tukuna.

Mu dai ba mu taɓa ɓoye launinmu ba, jajaye ne mu. Don haka a wannan wata za mu ɗora kulob ɗinmu a kan sikeli, mu auna manyan baƙi huɗu da Merrikh ta ɗauko tsakanin 2006 da 2011, zamanin shugabancin Jamal al-Wali, lokacin da kuɗi suka zauna wa kulob ɗin. Mun zaɓi waɗannan shekaru ne domin rana ta riga ta yanke hukunci a kansu, babu sauran cika baki.

Kafin mu ɗauko sikelin, bari mu aro wata ƙa'ida daga nesa. A Amurka akwai wata irin ƙwallo da ake runguma da hannu ana gudu da ita, kuma babbar gasarta, NFL, tana da kulob 32. Samarin da suka fito daga jami'o'i ba a yin gwanjonsu. A watan Afrilu ake jera su, kulob-kulob su riƙa zaɓa bi da bi har zagaye 7, kuma wanda ya zo na kashin baya a kakar da ta wuce shi ne da zaɓin farko. Washegari magoya baya kan cika gari da raba maki, wannan ya dace, wancan ya yi asara. To amma masu hankalinsu kan ce a dakata sai an shekara uku. Ga dalili: a 2000 sai da aka zaɓi mutum 198 kafin kulob ɗin New England Patriots ya ɗauki Tom Brady, wanda daga baya ya ci kofin gasar har sau 7. A 2007 kuwa Oakland Raiders ta ɗauki JaMarcus Russell a matsayin na ɗaya cikin kowa da kowa, amma bayan kaka uku ta sallame shi. Hausawa sun riga su faɗa: ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Da wannan ma'auni za mu yi aiki.

Na farko shi ne Endurance Idahor, ɗan Nijeriya, wanda ya zo a farkon 2006 daga Dolphins ta Fatakwal. Bai zo da ganga da algaita ba, ko da yake ya riga ya yi suna wajen cin ƙwallo a gasar ƙasarsa tun yana Julius Berger ta Ikko. Yana cikin waɗanda suka kai Merrikh wasan ƙarshe na Kofin Konfederashon na Afirka a 2007, inda Sfaxien ta Tunisiya ta doke mu. An ba da shi aro ga Al-Nasr ta Dubai, ya dawo ya ci gaba da aikinsa ba tare da ƙorafi ba. Ranar 6 ga Maris, 2010, ana cikin wasa da Amal Atbara, ya faɗi a fili, kuma kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa, yana da shekara 25. Har yau jajaye ba su manta da shi ba. Makinmu: 9 cikin 10. Wannan shi ne sayen nagari, mai da kuɗi gida.

Na biyu shi ne Kelechi Osunwa, shi ma tsohon ɗan Dolphins. Hilal ce ta fara kawo shi Sudan, sa'an nan ya tsallaka titi, kakar 2009 ta same shi sanye da ja. Masu shuɗi sun ji haushi, mu kuwa muka yi ta shewa, amma hikimar sayen ba a tsokanar maƙwabci take ba. Mutumin ya riga ya san zafin Umdurman, ya san taurin filayenmu, ya san halin masu tsaron bayan ƙasar nan da halin alƙalan wasanta. Abin da aka gani da ido aka saya, ba labari ba. Ya zama wanda ya fi kowa cin ƙwallo a lig fiye da sau ɗaya, har ma bayan da ya bar mu ya koma Ahli Shandi bai daina girgiza raga ba. Makinmu: 8 cikin 10. Biyun da muka rage na kofin Afirka ne da bai zo ba.

Na uku shi ne wanda ya fi kowa tayar da ƙura, wato Stephen Worgu. A 2008 ya ci wa Enyimba ta Aba ƙwallo 13 a Gasar Zakarun Afirka, babu wanda ya kamo shi a wannan shekara, kuma mutanen Sudan sun gan shi da idonsu domin Enyimba da Hilal rukuni ɗaya suka faɗa. A ƙarshen shekarar Merrikh ta ɗauke shi a kan kuɗin da aka ruwaito sun kai dala miliyan 2.6, farashin da ya girgiza kasuwar 'yan wasa ta Afirka a lokacin. Ranar da ya sauka, wasu cikinmu har sun fara share wa kofi wurin zama. To, sai ga shi bai ƙara kusantar wancan adadi ba a gasar Afirka, kuma daga baya aka tura shi aro Libiya. Ba mu ɗora laifin duka a kansa ba. Matashi ne da ya yi kaka guda mai kyau, aka raba shi da abokan wasan da suka san inda yake son a ajiye masa ƙwallo, aka kai shi ƙasar da bai san harshenta ba, aka kuma aza masa kayan da suka fi ƙarfin wuyansa. Kowane wasa, 'yan kallo lissafin dala suke yi. Makinmu: 4 cikin 10, kuma makin na masu sayen ne fiye da na wanda aka saya.

Na huɗu shi ne Isam al-Hadari, mai tsaron gidan Masar, wanda ya kama wa Merrikh a kakar 2011 yana da shekara 38, bayan ya ɗauki Kofin Ƙasashen Afirka sau huɗu. Masu shuɗi suka ce mun sayi tsoho. Muka ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma a wannan shekara kofin lig ya dawo gida bayan Hilal ta riƙe shi a 2009 da 2010. Sai dai wanda ya sayi mai shekara 38 yau ya saya, ba gobe ba. Makinmu: 7 cikin 10.

Wanda yake son ganin ƙarshen lissafin, ya dubi Gasar Zakarun Afirka ta 2009. A wannan shekara Merrikh da Hilal da Zesco ta Zambiya da Kano Pillars duk rukuni ɗaya aka zuba su, abin da ya sa zukatan mutanenmu da yawa suka rabu tsakanin ƙasar haihuwa da ƙasar kakanni. Pillars, masu kirarin Sai Masu Gida, ba su da ɗan wasan miliyoyin daloli, amma su ne suka fitar da Al-Ahli ta Alƙahira kafin zagayen rukuni, suka kuma haye zuwa wasan kusa da na ƙarshe tare da Hilal. Merrikh kuwa, da duk tsadar 'yan gabanta, ita ce ta ɗauko kashin bayan rukunin. A tuna kuma cewa kofin hukumar CAF guda ɗaya tak da wani kulob na Sudan ya taɓa ci, shi ne Kofin Mandela na 1989, lokacin da Merrikh ta doke Bendel United ta Nijeriya da ci 1 da nema a wasa biyu. Ƙashin bayan wannan tawaga 'yan ƙasa ne irin su mai tsaron gida Hamid Birema, mutanen da suka daɗe tare har kowa ya san numfashin ɗan'uwansa.

A nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Tsarin Amurka da muka ambata an yi shi ne don mai rauni ya samu ya miƙe. Namu kuwa akasin haka ne: mai kuɗi shi ke zaɓen farko, shi ke na biyu, ragowar a bar wa sauran. Shi ya sa tun da Hilal ta Bur Sudan ta ci lig a 1992, har zuwa 2025 kofin bai sake fita daga hannun manyan Umdurman biyu ba. Wad Madani gari ne na ƙwallo, filinta ya karɓi wasannin Kofin Afirka na 1970 wanda Sudan ta ci, tana kuma da tsofaffin kulob irin Ahli da Ittihad. Amma da zarar yaro ya fara haske a can, sai babbar mota ta zo ta yi gaba da shi. Yaron ƙauye ko na kambo kuwa, wanda yake buga ƙwallo ba takalmi a bayan gonar auduga, sau da yawa ko Madanin ma ba ya kaiwa.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya tarwatsa ƙwallon ƙasar nan kamar yadda ya tarwatsa gidaje, kuma mutanen Jazira da Sinnar ba sa bukatar a ba su labari. Hilal da Merrikh sun yi kakar 2024/2025 a gasar Muritaniya, suka shiga ta Ruwanda a kakar 2025/2026. Duk da wannan hali, a watan Agustan 2025 tawagar ƙasa ƙarƙashin koci Kwesi Appiah ɗan Gana ta lallasa Nijeriya da ci 4 da nema a Zanzibar, a gasar CHAN wadda ba a sa 'yan wasan da ke Turai a cikinta, har ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Wannan shaida ce cewa ƙafar ɗan gida ba ta mutu ba. Kulob ɗin da zai sake gini bayan yaƙi, ba shi da dalilin zuba abin da ya rage masa a kan suna guda.

Saboda haka shawararmu ga shugabannin Merrikh, har da na Hilal in za su ji daga bakin ja, guda uku ce. Kada a sayi ɗan wasa saboda kaka ɗaya, a bi sawunsa shekara biyu ko uku. Kada a saye shi don kawai a hana maƙwabci. Sa'an nan a ware wani kaso na kuɗin rajista don masu farautar yara, su riƙa zagaya gasannin unguwanni da ƙauyuka daga Jazira har Rusairis.

Mu ma akwai namu aikin, domin ba a kwana da yunwa a jira tuwon maƙwabta. Iyaye su tabbata kowane yaro yana da takardar haihuwa da lambar ɗan ƙasa, don babu kulob ɗin da zai yi wa yaro rajista ba takarda, komai gwanintarsa. Dattawa da 'yan kasuwarmu su taimaka a yi wa ƙungiyoyin ƙauye rajista a hukumar ƙwallo ta yanki, a kuma riƙa rubuta sunan kowane yaro da shekarun da ya yi. Wannan ba wahalar banza ba ce. A dokar FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin 100 na kuɗin ana raba su ne ga kulob-kulob ɗin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. A farashi irin na Worgu, wannan ya kama dala 130,000. Ƙungiyar da ba ta da rajista ko sisi ba za ta gani ba. Kuma kada a cire yaro daga makaranta saboda ƙwallo, domin cikin ɗari da wuya ɗaya ya ci abinci da ita.

Idan tasjilat ta gaba ta zo, a yi shewa, a yi tsokana, don da su majalisa take daɗi. Amma a ajiye alƙalamin maki sai an ga kamun ludayin mutum shekara uku. Masu shuɗi da suke ganin mun yi son kai, ƙofa a buɗe take, su auna nasu sayen su aiko mana, za mu buga ba tare da rage ko harafi ba.

Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mai da kowa gidansa, amin.