Garuruwanmu: Falanko da Itatuwanta

Falanko tana ƙasar Damargu, cikin gundumar Tanut, jahar Damagaram. A zamanin da, ayarin Abzinawa a Damargu yake auno gero, har ake ce mata rumbun hatsi. Farin 1973 da na 1984 sun kashe dabbobi da itatuwa masu yawa. Jama'a kuwa ƙaruwa take, gonaki sun cinye daji, iska na binne shuka da rairayi.

Saboda haka manomi in zai yi sassabe, ya bar gawo da aduwa da magarya su tashi. Gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya hana gero rana, ƴaƴansa kuma abincin bisashe ne da rani. Icen da aka dasa ran 3 ga Agusta kuwa, a yi masa shinge saboda awaki.