Ƙaho Ba Ya Noma: Ɗan Koyon Jita a Wudil da Ruɗin Babbar Amfilifaya

Duk ranar Juma'a, a karar shanu ta Wudil, akan ga yadda masana dabba ke ciniki. Baƙo ne kawai ke tsayawa yana yaba tsawon ƙaho. Manomin da ya zo neman san huɗa buɗe bakin dabbar yake yi ya ƙirga haƙora, ya duba kofato, ya sa a ja ta ya ga tafiyarta, sannan ya tambayi kansa ko yana da harawar da zai ciyar da ita har ruwa ya sauka. Abin mamaki, ɗan wannan manomin, wanda ke karatun injiniya a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da ke garin, idan ya tara kuɗi ya sayi jitar lantarki, ya hau mota zuwa Sabon Garin Kano neman amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa jitar sauti, ƙaho yake saye. Tambayarsa ta farko ga mai shago ita ce: wat nawa ce? Ta biyu kuma: babu wadda ta fi ta?

Wannan tambaya ta cinye kuɗin 'yan koyo da yawa, kuma masu shago sun san haka, shi ya sa suke jera manyan akwatuna a bakin ƙofa, su tura ƙanana can ƙarshen kanta. Amma laifin bai tsaya kansu ba. Yana kan yayyen da ke raka yaro kasuwa suna zuga shi, yana kuma kan masu ba da shawara a YouTube, waɗanda ke magana daga ƙasashen da wuta ba ta ƙiftawa. Ga wanda zai koyi jita a ɗakin haya a Wudil, babbar amfilifaya asara ce tun kafin a sauke ta daga mota. Abin da ya dace da shi ƙarama ce, mai wat 3 zuwa 10, mai aiki da batir, mai kafar sa abin sauraro na kunne.

A fara da lissafin da ɗalibin injiniya ya kamata ya riga kowa sani. Kunnen ɗan Adam ba ya auna sauti yadda ake auna gero da mudu. Idan aka ninka ƙarfin amfilifaya daga wat 10 zuwa 20, abin da aka ƙara desibel 3 ne kacal, ƙarin da kunne zai lura da shi amma ba zai girgiza ba. Kafin mai sauraro ya ce sauti ya ninka, sai an ƙara kusan desibel 10, wato an ninka ƙarfin sau goma. Ma'ana, akwatin wat 100 da aka sha wahalar ɗauko shi a bayan mota, ninki biyu kawai ya yi wa na wat 10 a kunne. Akwai kuma abin da ya fi wannan ban mamaki: lasifikar jita mai faɗin inci 12, idan aka ba ta wat ɗaya tak, takan fitar da sautin da ya kai desibel 95 zuwa 100 a tazarar mita ɗaya. Masana lafiyar kunne kuwa suna cewa desibel 85 ne mutum zai iya zama cikinsa awa takwas, desibel 100 kuwa bai kamata ya wuce minti 15 ba. Wat ɗaya ke nan ya isa ya cika ɗaki ya tsallaka katanga. Sauran casa'in da tara ɗin, ina za a kai su?

Su kansu lambobin da ke jikin kwali abin tuhuma ne. Akan ga an rubuta wat 2,000 da manyan baƙaƙe, a gefe an maƙala haruffan PMPO. Wannan awo ba shi da ƙa'idar da kamfanoni suka yarda da ita. Kowa abin da ya ga dama yake rubutawa. Awon da za a iya dogara da shi shi ne mai alamar RMS. Wanda ke son kama ƙarya da hannunsa ya juya akwatin ya karanta ɗan allon da ke baya, inda aka rubuta yawan wutar da na'urar ke sha. Na'urar da ke shan wat 30 daga bango ba za ta dinga fitar da wat 2,000 ba, kamar yadda tulu ba ya zubar da ruwan da ba a zuba masa ba.

Son babbar amfilifaya yana da tarihi, kuma tarihin ba namu ba ne. A 1965 mawaƙan Beatles suka yi wasa a filin Shea da ke New York gaban mutum fiye da 55,000, da amfilifayoyin Vox masu wat 100, amma ihun jama'a ya danne kiɗan har su kansu ba su ji abin da suke bugawa ba. A wannan shekarar ce Jim Marshall, a Landan, ya ƙera wa 'yan ƙungiyar The Who amfilifaya mai wat 100, domin na'urorin dandali na lokacin ba su da ƙarfin isar da jita zuwa ƙarshen zaure. Matsala ce ta gaske, aka yi mata magani na gaske. Yau matsalar ta kau: akan ajiye makirufo gaban ƙaramar amfilifaya, manyan lasifikun taro su ɗauki nauyin sauran. Abin da ya rage shi ne hoton, na makaɗi tsaye gaban bangon akwatuna, kuma wannan hoton ne yaron Wudil ke biya wa kuɗi. Ba a cika faɗa masa cewa Eric Clapton ya ɗauki waƙarsa Layla a 1970 da 'yar ƙaramar Fender Champ mai wat kusan biyar ba.

Sai tambayar manomi: me za ta ci? Nan ne shawarar da aka kwaso daga waje ke rushewa gaba ɗaya. Ba wanda ke zaune a Wudil da ke buƙatar a yi masa bayanin halin wutar NEPA. Ta zo ba sanarwa, ta tafi ba sallama, wani lokaci ta zo da rauni har fanka ta kasa juyawa, wani lokaci ta dawo da ƙarfin da ke ƙona caja. Koyon jita kuwa ba ya son tsallake. Rabin awa kullum ya fi awa biyar ranar Asabar, domin yatsu da maimaici suke haddacewa, fatar kansu ma da maimaici take yin kanta. Amfilifayar da sai an kawo wuta take magana ta mayar da lokacin koyo hannun wanda ba ruwansa da jita. Idan aka ce a tayar da janareta, tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, ƙona fetur don a koyi sauya yatsu uku ya zama almubazzaranci, ga kuma ƙugin injin da ke shiga cikin sautin. Ƙananan amfilifayoyi irin su Boss Katana Mini mai wat 7, ko Blackstar Fly 3 mai wat 3, ko Roland Micro Cube, batir shida na rediyo suke ci. Wanda ya sayi batir masu caji, ya cika su duk lokacin da wuta ta leƙo ko a shagon mai sola, ya 'yantu. Yana iya ɗaukar kayansa ya sauka bakin kogi da yamma, inda ba wanda zai ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Masu bidiyon intanet suna da wata aƙida da suke maimaitawa, cewa sautin gaskiya sai amfilifaya mai bawul, wato kwalaben gilas masu zafi irin na rediyon da. Sautinsu yana da daɗi, ba a musu. Amma bawul yana tsufa, yana fashewa a kan hanya mai gargada, yana fitar da zafi a ɗakin da a watan Afrilu ya riga ya zama tanda, kuma madadinsa daga waje ake kawo shi da dala, dalar da ta tashi daga kusan naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Cikin irin wannan akwati akwai wutar da kan kai bolt 400, wadda ke iya zama a ajiye ko bayan an zare filogi. Yaro mai son bincike da sukundireba yana iya gamuwa da ajalinsa a nan. Amfilifaya mai taransisto kuwa, mai gyaran rediyo na bakin kasuwa zai iya buɗe ta ya gane inda ta yi ciwo.

Akwai haɗarin da ba mai shagon da ke ambatonsa. Tsirkiyoyin jitar lantarki a haɗe suke da jikin amfilifaya ta cikin waya, ita kuma amfilifayar tana dogara da wayar ƙasa ta gidan don ta zubar da duk wutar da ta ɓalle. Gidajen haya nawa ne a garuruwanmu ke da wayar ƙasa mai aiki? Sau nawa ake karya ƙafa ta uku ta filogi, ko a cusa tsiraran wayoyi cikin soket da tsinken ashana? Ƙugin da ake ji a lasifika, wanda ke raguwa idan an taɓa tsirkiya, shi ne ƙaramar alamar. Babbar kuwa ta taɓa kashe mutane: Leslie Harvey ya mutu a kan dandali a Swansea a 1972 da ya taɓa makirufo marar wayar ƙasa, Keith Relf na ƙungiyar Yardbirds kuma wuta ta ja shi a gidansa a 1976 yana riƙe da jita. Batir shida bolt tara ne jimla. Ba su taɓa kashe kowa ta tsirkiya ba.

Da yaron zai ɗaga kai daga waya ya dubi arewa, da ya ga malaman da suka fi kusa da halinsa. Mdou Moctar, Abzinawan jihar Tawa da yau ke cika zaurukan Amurka da Turai, jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, tsirkiyoyinta wayoyin birkin keke, waƙoƙinsa kuma ta katin waya suka fara yawo a Sahel. Fatou Seidi Ghali ta ƙungiyar Les Filles de Illighadad a ƙauyen da ba lantarki ta koya, da jitar ɗan'uwanta. Salon jitar hamada da duniya ke yabo a wuraren biki ya girma, da ƙananan amfilifayoyi da batir. A gida ma, Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya riƙe ƙasar nan shekaru da dama, Haruna Uji na Haɗeja, can ƙasan wannan kogi da ya ratsa Wudil, da gurmi ya yi suna. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Za a ce: to idan yaron ya ƙware, aka gayyace shi biki ko taron ɗalibai fa, ba sai ya sake saye ba? Hujja ce mai ɗan nauyi, amma ta ɗauka cewa za a kai ga ƙwarewar. Tsakanin ranar saye da ranar hawa dandali akwai shekara ɗaya ko biyu na kuskure, na tsirkiya mai kuka da yatsa mai zamewa, kuma ba mai son a ji kuskurensa a layi uku. Ɗan koyon da ya san duk unguwa na saurarensa yakan daina maimaita abin da ya gagare shi, ya koma buga ɗan abin da ya iya, daga nan koyo ya tsaya. Balle a garin da har yanzu wasu iyaye ke kallon kiɗa a matsayin sana'ar roƙo: ƙara ɗaya daga maƙwabci zuwa ga mai gida ko mahaifi ta isa ta sa a rataye jitar har abada. Abin sauraro na kunne ya kashe wannan rigimar tun ba ta taso ba. Ranar biki kuwa, masu hayar kayan sauti sun cika gari, da manyan lasifikunsu da janaretansu. Makirufo ɗaya gaban ƙaramar amfilifayar ya wadatar.

Wasu kuma kan karkata ɗaya gefen, su ce a bar amfilifaya baki ɗaya, a cusa jitar cikin lasifikar Bluetooth ta gida. Kafar makirufo ba don siginar jita aka gina ta ba, shi ya sa sautin ke fitowa a dushe, kamar mai magana da mura. Da babu gara ba daɗi, amma ba a nan za a zauna ba.

Kuɗin da aka tsira da su daga babban akwati suna da wurin zuwa: waya mai kyau wadda ba ta ƙara idan an motsa ta, tsirkiyoyin ajiya, ɗan na'urar daidaita sauti, da ladan wanda zai gyara wuyan jitar don tsirkiyoyi su kwanta kusa da itace, domin tsirkiya mai tsayi ta kori 'yan koyo fiye da kowace amfilifaya.

Idan ta hannu za a saya, kuma sau da yawa ita ce daidai aljihu, zuwa da kai ya fi aike. A tafi da jitar da wayarta. A juya kowane maɓalli daga farko zuwa ƙarshe ana saurare. Ƙarar ƙaiƙayi yawanci ƙurar hunturu ce, ana wanke ta da arha, amma lasifika mai karkarwa idan an bugi tsirkiya mai kauri ta yage, a bar ta. A bar na'urar a kunne minti goma, domin wasu cututtukan sai ta yi zafi suke bayyana. Kafin duk wannan, a karanta allon baya. Wutar Nijeriya bolt 230 ce. Kayan da aka kwaso daga Amurka na bolt 120 ne, na Japan kuma 100, kuma wanda ya cusa irinsu a bango ba tare da taransifomar rage wuta ba, sauti ɗaya zai ji, sai hayaƙi.