Ruwan Farko Ba Shi Ne Damana Ba

Ƴan'uwa manoma na Agye, da Gazawa, da Gidan Rumji, ga bazara ta kai tsakiya. Iska ta juya, ta bar arewa maso gabas ta koma kudu maso yamma. Shamuwa ta sauka bisa itatuwan gari, dare ya yi zafi har barci ya gagara cikin ɗaka. An gama sassabe, an kai taki, an gyara sungumi, kowa ya zuba ido gabas. A irin wannan lokaci nake so mu tattauna kan wani abu da yawancinmu ke ji a rediyo su wuce, wato hasashen yanayi na mako mai zuwa. A ganina, daga tsakiyar watan Mayu zuwa ƙarshen Yuni babu labarin da ya kai wannan amfani ga mai gona, kuma bai kamata magidanci ya kwance bakin buhun iri ba sai ya ji shi.

Kowa ya san yadda abin yake faruwa. Hadari ya haɗu da la'asar, ruwa ya sauka da dare, gari ya waye da ƙamshin ƙasa. Kafin hantsi babu kowa cikin gari sai tsofaffi da marasa lafiya, duk an tafi shibka. Kwana uku ko huɗu hatsi ya tsiro, gona ta yi kyau, ana ta barka. Daga nan sai sama ta washe. Mako ya wuce, na biyu ya shiga, babu ko yayyafi. Jigawarmu rairayi ce, ba ta riƙe laima, kuma da tsakar rana takan yi zafin da ƙafa ba ta iya takawa. Tsiron da saiwarsa ba ta kai tsawon yatsa ba, ina zai sami abin sha? Wanda rana ta bari kuwa, iskar da ke gaban hadari na gaba ta zo ta kwashi rairayi ta yayyanke shi ko ta binne shi.

Sai a sake shibka. To, da wane iri? Nan fa ake yin ta. Irin da aka zaɓa tun kaka, aka ɗaure zangarniyarsa daban, ya riga ya tafi. Na biyu daga hatsin tuwo za a ɗebo shi, ko a saye shi a kasuwa a daidai lokacin da tiya ta fi tsada cikin shekara, ko a ci bashi, ko uwargida ta sayar da akuyarta. Ke nan tiyar da rana ta ƙone a gona, daga bakin yaran gida aka ɗauke ta. Wanda ya ga shekarar 2005 a jihar Maraɗi, da yadda uwaye suka cika wuraren jinyar tamowa da ƴaƴansu a goye, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan darajar tiya ɗaya a watan Yuni.

Masana sun daɗe suna nazarin wannan matsala a ƙasarmu. A 1988 wani masani mai suna Sivakumar, da ke aiki a cibiyar binciken noma ta ICRISAT a Nijar, ya fitar da ƙa'idar gane farkon damana. Bayan 1 ga Mayu, in ruwan da ya sauka cikin kwana 3 a jere ya kai milimita 20, kuma cikin kwana 30 da ke biye ba a sami ɗaukewar ruwa ta fiye da kwana 7 ba, to damana ta kama. Milimita ɗaya kuwa ita ce lita ɗaya ta ruwa a kan fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya. Ku dubi ƙa'idar da kyau, kashi biyu ce. Kashin farko yana hannunmu: ma'aunin ruwan sama zai faɗa mana, ko kuwa mutum ya tona ƙasa ya ga laima ta wuce tsawon tafin hannu ko ba ta wuce ba. Kashi na biyu kuwa yana gaba, babu ma'aunin da zai nuna shi, babu hannun da zai tono shi. Abin da kawai ke ɗan haska mana shi, shi ne hasashen mako. Ba ya kai kwana 30, amma yana rufe kwanakin farko, waɗanda a cikinsu tsiro ya fi rauni.

Daga ina wannan labari ke fitowa? Ruwan damanarmu laimar teku ce da iskar kudu maso yamma ke ɗaukowa, tana ƙara matsawa arewa sannu a hankali. Shi ya sa Kano da Katsina kan riga mu shibka, mu kuma mu riga Dakwaro. Hadarin kansa daga gabas yake tasowa ya nufi yamma, kuma in damana ta zauna yakan zo rukuni-rukuni, tsakanin wani da wani kamar kwana 3 zuwa 5. Taurarin ɗan'adam suna ɗaukar hoton gajimare dare da rana, tashoshin awo irin ta filin jirgin saman Maraɗi suna auna iska da zafi da laima, sannan na'urori su lissafa inda abin ya dosa. Ma'aikatar kula da yanayi ta ƙasa a Yamai ita ke fitar da sanarwa, da kuma takardar kwana goma-goma a lokacin damana. Kuma ƙasarmu ta yi dace, domin manyan cibiyoyi biyu na wannan ilimi suna Yamai: AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974 bayan babban farin da ya hallaka dabbobi da mutane a Sahel, da ACMAD mai hidimar nahiyar Afirka baki ɗaya.

Tun 1998 waɗannan masana ke taruwa kafin damana su faɗi ko ana sa ran ruwan shekara zai yi yawa, ko matsakaici, ko kaɗan. Wannan yana da amfaninsa wajen zaɓen iri, misali ko a dogara ga zango mai dogon kwana ko a haɗa da HKP mai nuna cikin kamar wata uku. Amma ba ya gaya wa mutum ya shibka ranar Talata ko ya jira. Shekara tana iya cika da ruwa, duk da haka farkonta ya cinye iri sau biyu. Don haka nake fifita labarin mako.

Kada kuma in yaudari mai karatu. Hasashen mako ba ya sanin gonar kowa. Mu da muke nan mun sha ganin ruwa ya yi malala a Cadawa, Agye ko ɗigo, alhali tafiyar ba ta taka kara ta karya ba. Babu na'urar da za ta faɗi, kwana biyar kafin lokaci, wane ƙauye hadari zai bi. Abin da take iya faɗi shi ne ko laima ta shigo yankin sosai, ko busasshiyar iska ce za ta dawo ta zauna. Labarin kwana biyu ko uku na farko ya fi ƙarfi, na ƙarshen mako ya fi rauni. Wanda ya ji an ce ana sa ran ruwa a kudancin jihar Maraɗi, ruwan ya tsallake gonarsa, sai ya ce ƙarya suke yi, ya daina saurare, ya yi kama da wanda ya rantse ba zai ƙara duba hadari ba don wani ya taɓa watsewa.

Akwai masu cewa wannan shiga gaibu ne. Ina girmama tsoron da ya sa suke faɗin haka, amma ban yarda da su ba. Ruwa na Allah ne, Shi ke saukar da shi inda Ya so. Sai dai matar da ta hango gabas ta yi baƙi ta kwashe shanyarta, wa ya taɓa kiran ta boka? Kakanninmu sun karanta zuwan shamuwa, da zubar ganyen gawo, da juyawar iska. Malamanmu suna ƙidayar taurarin damana, Haƙa'a, Hana'a, Zira'a da sauransu, kowane kwana 13. Duk lura ce da alamun da aka shimfiɗa mana. Mai awon yanayi ma alama yake dubawa, idonsa ne kawai ya fi namu hangen nesa, yana ganin hadarin da ke tasowa a Cadi tun muna fama da rana.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na manoman da suka ce shibkar fari ita ce mai albarka. Gaskiya suka faɗa. Hatsin da ya kama da ruwan farko yakan fi ƙarfi, yakan riga haki, kuma damanarmu gajeruwa ce, wanda ya yi jinkiri da yawa ruwa zai ɗauke masa hatsi na bununi. Masu binne ma suna da hujja, domin mai gona uku da hannu biyu ba zai gama shibka cikin kwana biyun da ƙasa ke da laima ba. Saboda haka ba cewa nake yi a naɗe hannu har Yuli ba. Abin da nake cewa shi ne a raba. In ruwa ya kai milimita 20 kuma an ce ana sa ran wani cikin makon, a shibka da ƙarfi, kada a tsaya. In ruwan ya gaza, ko an ce busasshiyar iska na tafe, a taɓa gona ɗaya kawai, wadda ta fi taki da itatuwa, a ɓoye sauran iri. Mutanen Ɗan Saga da maƙwabtansu, da suka yi suna wajen sassaben zamani, sun ga yadda itatuwan da aka bari cikin gona ke karya iska su kare tsiro. Gujiya da wake da aya kuwa, irinsu ya fi tsada, ba su ne abin gwaji da ruwan farko ba.

Amfanin labarin mako bai ƙare da shibka ba. Takin zamani na sawa bayan noman farko yana son ƙasa mai laima. A busasshiyar ƙasa asara ne, gaban ruwa mai ƙarfi kuma wankewa yake yi. Haka maganin feshin wake. Ga mazauna bakin gulbi kuwa, magana ce ta rai. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina ya fito, ya bi ta Jibiya, ya ratsa Madarumfa da Tibiri da Gidan Rumji kafin ya koma Nijeriya. Gulbin Kaba da ya ratsa ƙasar Gazawa shi ma daga can ya taso. Ke nan ruwa yana iya cin fadamarka alhali samanka tas take, don haka in ana hasashe a kasa kunne har ga abin da aka faɗa kan Katsina. Ambaliyar 1945 ce ta tashi tsohon garin Maraɗi daga kwari ta mai da shi tudu, kuma a ƙarshen Agustan 2024 ruwan rana ɗaya ya rusa gidaje ya ci rayuka a birnin. Ba a fafe gora ranar tafiya: yaɓen soro, da gyaran indararo, da janye dabbobi daga kwari, ayyuka ne na makon da ke gaban ruwa.

Uwaye mata su ma su riƙe lissafi. Sauro yakan girma daga ƙwai zuwa mai cizo cikin mako ɗaya zuwa biyu a ruwan da ya kwanta. In an ce mako mai ruwa na tafe, lokacin ɗinke gidan sauro da cike ramukan tsakar gida ya yi. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake ba yara daga wata 3 zuwa shekara 5 sau ɗaya a wata cikin damana, wanda aka fara a Nijar a 2013 kuma Gidan Rumji na cikin wuraren farko, kada aikin gona ya sa yaro ya tsallake zagaye ko ɗaya.

Ina da roƙo ga gidajen rediyo, manya da na karkara. A ba labarin mako ranarsa da sa'arsa tabbatattu, bayan sallar isha'i lokacin da manomi ke gida. A faɗe shi da Hausar da tsohuwa za ta gane, a kira sunayen garuruwa, a bambanta abin da ake da ƙarfin zato a kansa da wanda ake shakka. In hasashen makon jiya bai faɗa daidai ba, a faɗi haka kafin a shiga na gaba, domin mai amsa kuskurensa shi ake ƙara saurare.

Ɗayan roƙon ga ɗaliban yaƙi da jahilci ne. Kowane aji ya nemi ma'aunin ruwan sama ta hannun malamin gona, a kafa shi a fili nesa da itace da katanga. A sami littafi guda, a ja layi uku: kwanan wata, abin da rediyo ya ce, da milimitar da ta sauka. Mutum ɗaya ya duba ma'aunin kowace safiya ya zubar da ruwan, ranar Juma'a a karanta wa jama'a a ƙofar maigari. Kafin a yanke hatsin bana, garinku zai san da hannunsa sau nawa hasashen ya faɗa daidai, sau nawa ya kauce, kuma littafin ne za a buɗe baɗi in ruwan farko ya sauka.