Karatun da na raina a Ingila

Wata ranar Asabar da daddare yayana da ke zaune a birnin Manchesta na ƙasar Ingila ya kira ni, muryarsa cike da ɓacin rai. 'Yarsa ta fari, mai shekara 16, ta gama jarrabawar GCSE da sakamako mai kyau, amma ta ƙi bin hanyar da ya shata mata. Shi burinsa ta ɗauki ilimin halittu da na sinadarai a matakin A Level, ta wuce jami'a ta zama likita. Ita kuwa ta kafe a kan kwas ɗin sana'a da ake kira BTEC, a fannin lafiya da kula da jama'a, kuma abin da ya fi jan hankalinta a ciki shi ne darasin lafiyar ƙwaƙwalwa da walwala. Ya ce mini, "Kai ne malamin jami'a, tana jin maganarka. Ka faɗa mata ba mu zo ƙasar nan don ta koyi rainon mahaukata ba." Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, a daren nan na goyi bayansa.

Bari in ɗan fayyace tsarin. A Ingila yaro kan rubuta GCSE yana ɗan shekara 16, sannan ya shiga shekara biyu na ƙarshe kafin jami'a, matakin da suke kira aji shida, irin wanda iyayenmu suka sani a nan kafin zuwan tsarin 6-3-3-4. A nan hanya take rabuwa. Wasu su bi A Level, karatun littafi da jarrabawa. Wasu su bi hanyar sana'a, wato BTEC ko kuma T Level da aka soma a shekarar 2020, wanda a cikinsa dole ɗalibi ya yi aƙalla sa'a 315 yana koyon aiki a wurin aiki na gaske. Babbar difilomar BTEC daidai take da darussan A Level uku, kuma jami'o'i da yawa na karɓar ta ga mai son karatun jinya. A can, jinyar masu larurar ƙwaƙwalwa ɗaya ce daga cikin rassa huɗu da ake horar da ma'aikatan jinya a kansu. Sai dai yayana yana da gaskiya a wuri guda: wanda ya bi wannan hanya, ƙofar karatun likita takan ƙuntata a gabansa.

Na kira yarinyar na yi mata doguwar huɗuba. Ta saurara cikin ladabi, ta roƙi a bar ta ta gwada zango ɗaya. Bayan wata huɗu muka sake magana, na tambaye ta cikin zolaya abin da ta koyo. Sai ta mayar mini da tambaya: "Baffa, idan ɗalibinka ya zo ofis ya ce maka ya gaji da rayuwa, me za ka yi?" Na ce zan yi masa nasiha, in tuna masa da haƙuri da addu'a, in kuma yi masa alkawarin ba wanda zai ji. Ta ce nasihar da addu'ar duk suna da kyau, amma alkawarin kuskure ne. An koya musu su saurara tukuna ba tare da yanke hukunci ba, su tambayi mutum kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa, kada su taɓa yi masa alkawarin riƙe sirrin da rai ke cikinsa, kuma su miƙa batun ga wanda alhakin ke wuyansa a ranar, ba gobe ba. Ta ƙara da cewa, "Abu na farko da malamarmu ta nanata shi ne mu ba likitoci ba ne. Aikinmu mu gane, mu saurara, mu miƙa."

Na yi shiru, domin ta taɓo mini wani tsohon miki. Shekarun baya ina da ɗalibi a ajin ƙarshe, haziƙi, wanda nake duba masa aikin bincikensa. Kwatsam ya daina zuwa, in ya zo kuma sai ka gan shi a yamutse, yana kallon ƙasa. Na kira shi malalaci a gaban abokansa, na ce girman kai ne ya shige shi. Bai sake dawowa ba. Sai bayan shekara guda na ji cewa ciwon damuwa mai tsanani ne ya kama shi, an yi ta yawon magani da shi kafin a kai shi asibiti. Ina da digirin digirgir, amma abin da yarinya 'yar shekara 16 ta koya a zango ɗaya ban san shi ba a ranar da aka fi bukatar in sani.

Hikimar sanya wannan darasi a wannan mataki a fili take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 kusan mutum ɗaya cikin takwas a duniya na fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma ta daɗe tana cewa kimanin rabin waɗannan larurori kan soma ne kafin mutum ya wuce shekara 14. Ashe ɗalibin aji shida ba labarin wasu mutane na nesa yake karantawa ba, labarin sa'o'insa ne. Ban da haka, yawancin kulawar da mai larura ke bukata ba likita ke ba da ita ba. Mai ba shi magani a kan lokaci, mai zama da shi, mai lura da sauyin barcinsa da cin abincinsa, shi ne ma'aikacin da muke rainawa. Ɗaliban kan kuma san dokokin da ke kare haƙƙin mara lafiya, irin su dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 1983 da ta fayyace yaushe ne za a iya tsare mutum a asibiti ba da son ransa ba.

Akwai abin tsoro, ban musa ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Matashin da ya haddace sunayen cututtuka zai iya fara liƙa wa kowa suna, ya mayar da baƙin cikin yau da kullum ciwo. Akwai kuma nauyin da ake ɗora wa zuciyar yaro idan aka tura shi koyon aiki cikin masu wahala ba tare da babba na lura da shi ba. Amma maganin wannan shi ne malami nagari da sa ido, ba rufe aji ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinmu. Tun a 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya soma tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta, inda marasa lafiya ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu suna karɓar magani. A Zimbabuwe, Dokta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama a kan benci kusa da ɗakunan shan magani suna sauraren masu damuwa. Mu kuwa likitocin ƙwaƙwalwarmu 'yan ɗaruruwa ne kawai ga al'ummar da ta haura miliyan 200. Asibitocin Barnawa da Kware da Maiduguri da Dawanau ba za su iya ɗauke wannan kaya su kaɗai ba. Ba mu manta da watan Satumban 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, wasunsu da mari a ƙafa. Iyaye ba sa kai 'ya'yansu irin wannan wuri don ƙiyayya, sai don ba su ga wata ƙofa ba.

A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Doka ba ta zama kusa da mara lafiya, mutum ke zama. Kwalejojin kimiyyar lafiya da na koyon sana'a da muke da su za su iya mayar da wannan fanni sana'a mai takarda da mutunci. Sai dai mu tuna da injinan koyon sana'a da aka sayo wa sakandarorinmu a shekarun 1980, waɗanda da yawansu suka yi tsatsa a cikin akwati saboda rashin malami da wutar lantarki. A fara da horar da malamai kafin a buga manhaja.

Na kira yayana na janye maganata. Har yanzu bai gamsu gaba ɗaya ba, amma ya daina cewa "mahaukata". Ni kuma na soma neman lambar wayar tsohon ɗalibina, domin yana bina bashin ban haƙuri. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.