Abin da teku bai riga ya cinye ba

Jama'ar zango, manyan ganuwoyin gaɓar tekun Gana suna da masu tsaronsu. Ta Elmina, wadda Turawan Fotugal suka gina a 1482, tana cikin waɗanda UNESCO ta sa a jerin kayan gadon duniya tun 1979. Damuwarmu tana kan ƙananan abubuwa marasa mai gadi: tsohuwar igwa da tsatsa ke ci, dutsen kabari mai gogaggen rubutu, fasasshen lofe, tsakiya da wuri da igiyar ruwa ke tonowa.

Teku ba ya jiran kowa. A Keta ya rushe babban sashe na ganuwar Prinzenstein, wadda mutanen Danmak suka gina a 1784. In ginin dutse ya kasa tsayawa, ina ga guntun tukunya? Abin da ruwa ya bari kuma, masu sayen tsohon ƙarfe na iya ɗora shi a kan sikeli.

Wani zai ce wannan tarihin Turawa ne da Fante, mu mutanen tudu ne. Ba haka ba ne. Wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi, mai yawa daga cikinsa jiragen ruwa ne suka kawo shi daga tsibiran Maldif. Bayin da aka sayar a kasuwar Salaga, da yawansu a wannan gaɓa tafiyarsu ta ƙare. Fatakenmu sun yi lodin goro daga Akra zuwa Ikko. Bakin tekun nan ya san sawun Bahaushe.

Saboda haka muke kira ga matasanmu, tunda kusan kowa na da waya a aljihu, su ɗauki hoto bisa ƙa'ida. A ajiye kwabo kusa da abin domin a gane girmansa. A ɗauko shi tare da wurin da yake kwance. A rubuta rana da sunan gari, a tambayi dattawan masunta yadda suke kiransa. Kada a tona, kada a kai gida, domin abin da aka raba da mazauninsa ya rasa rabin shaidarsa. In abu ne babba, a sanar da hukumar gidajen tarihi.

Mun gaji rubutun ajami domin malamai sun kwafa kafin gara ta ci takarda. Hoto shi ne kwafin wannan zamani. Mu hanzarta tun da sauran abin ɗauka.

Allah ya sa mu dace.